Jirgin Farko: Zaɓi Wanda Zai Yafe Maka Kuskure

 A wannan mako zan yi magana ne a kan wani abu da mutane da dama ke ɗauka wasan yara ne, wato ƙananan jiragen sama masu aiki da batir, waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Ba mai farfela huɗun nan da ake ɗaukar hoton biki da shi nake nufi ba. Ina nufin jirgi sosai, mai fukafukai da wutsiya, wanda sai ya keta iska da gudu sannan yake tashi, kamar dai na fasinja. Samari da ɗalibai suna ganinsu a YouTube, sha'awa tana kama su, kasuwannin intanet kuma cike suke da su, iri-iri. To, wanne ya kamata mai koyo ya fara saya?

Amsata ita ce: jirgin farko malami ne, malami nagari kuwa shi ne mai haƙuri da kuskuren ɗalibi. Duk wani abin da za ka duba, girma ne, siffa ce, ko farashi, ka auna shi da wannan ma'auni.

Maganar tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Kuɗin jirgi da rimot da batir da caja ba ƙanana ba ne, musamman ga wanda zai canza naira zuwa dala. Idan aka yi zaɓen tumun dare, tashin farko ba ya wuce daƙiƙa goma, sai a koma tsintar ɓaraguzai. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Babbar asarar ita ce yaron da zai ce shi ba ya da baiwar abin, ya wanke hannunsa har abada. Mu tuna cewa a 1878 ne mahaifin Wilba da Obil Rait ya kawo musu wani ɗan abin wasa mai farfela da ake ɗaure wa roba, kuma su da kansu sun ce daga nan sha'awar tashi ta shige su. Bayan shekara 25, a 1903, suka tada jirginsu a Kiti Hok ta Amurka. Ba kowane yaro ne zai zama irinsu ba, amma wanda ya iya wannan wasa ya taɓa ilimin iska da na lantarki da na rediyo da hannunsa, ba a kan allo kawai ba.

Abokin gaban mai koyo na farko shi ne idonsa. Ido yana son jirgin yaƙi irin Spitfire na Ingila ko Mustang na Amurka, ko mai siffar jet, mai sheƙi da tsinin hanci. Waɗannan kyan ɗan maciji gare su. Fukafukansu ƙanana ne idan aka kwatanta da nauyinsu, don haka dole su yi gudu kafin iska ta ɗauke su, da zarar gudun ya ragu kuma sai fiffike ɗaya ya faɗa, jirgin ya juyo ƙasa. Yi lissafi da kanka. Jirgin da ke tafiyar kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Mai kilomita 100 yana cin kusan mita 28. Filin ƙwallo tsawonsa bai fi mita ɗari da kaɗan ba, ke nan na biyun zai ƙetare shi cikin daƙiƙa huɗu, kafin mai koyo ya gama tunanin inda zai karkata. Ƙari a kan haka, idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo ninkawa yake sau huɗu. Ko a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ba a fara ɗora ɗalibi a kan jet. Da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ake soma masa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Jirgin da ya dace shi ne wanda fiffikensa ke saman gangar jiki, nauyin batir da inji suna ƙarƙashi. Ka kuma dube shi ta gaba: ya kamata bakin fukafukan biyu su ɗan ɗaga sama, kamar an buɗe littafi ba a shimfiɗe shi duka ba. Wannan ɗagawar tana da aiki babba. Idan jirgi ya karkata ya soma zamewa gefe, fiffiken da ya yi ƙasa yakan tari iska fiye da ɗan'uwansa, sai ya ɗago, jirgin ya daidaita da kansa. Ma'ana, idan ka rikice ka saki sandunan rimot, jirgin zai gyara maka rabin ɓarnar da ka yi, muddin yana da tazara daga ƙasa.

Mutane da yawa suna zaton ƙaramin jirgi ya fi sauƙin tuƙi. Abin ba haka yake ba. Ƙarami, mai faɗin fiffike rabin mita, ya fi araha kuma ba ya jin ciwo sosai idan ya faɗi, amma 'yar iska kaɗan tana wasa da shi kamar ganye, kuma da ya yi nisa ba ka gane gabansa da bayansa. A ƙasarmu ta buɗaɗɗen fili, inda iskar hunturu ke kaɗawa watanni, ƙura kuma ta rage gani, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Na fi ba da shawarar mai faɗin mita 1 zuwa mita 1.5. Yana da nutsuwa a sama, ana hango shi, kuma yana shiga bayan mota idan aka cire fiffiken.

Sai abin da aka yi shi da shi. A bar jirgin katakon balsa ga gwanaye, domin kyansa ba ya jure faɗuwa. Jiragen koyo na yanzu da wani farin soso ake yinsu, ɗan'uwan wanda ake tallafe talabijin da shi a cikin kwali, sai dai ya fi shi tauri da danƙo. Za ka ga an rubuta EPO ko EPP a jikin kwalin. Idan ya karye, gam da salatif sun isa a ɗinke shi a koma fili da yamma. Ka kuma lura da inda farfela take. Jirgi da hanci yake faɗuwa, don haka wanda farfelarsa ke gaba shi ne ke yawan karya ta, wani lokaci har ya lanƙwasa sandar inji. Akwai waɗanda aka ɗora wa injin a bayan fiffike, farfelar tana turawa maimakon ja. EasyStar na kamfanin Multiplex na Jamus irin wannan ne, ba ya da taya, da hannu ake cilla shi ya sauka a kan cikinsa, abin da ya dace da filin da ba shi da santsi. AeroScout na HobbyZone, mai faɗin mita 1.1, shi ma haka injinsa yake, ga tayoyi uku masu kauri. Apprentice na E-flite, mai mita 1.5, farfelarsa a gaba take, amma ya daɗe yana cikin jiragen da ƙungiyoyin masu wannan wasa ke koyarwa da su. Ba talla nake yi ba; na ambace su ne domin ka ga hotonsu ka san siffar da za ka nema, ko da na wani kamfani za ka saya. Kafin ka biya kuwa, ka tabbata ana sayar da kayan gyaransa. Jirgin da ba a samun farfelarsa da ƙafafunsa jirgin rana ɗaya ne.

Za ka ga ana rubuta cewa jirgi mai tasha uku ne ko huɗu. Kowace tasha aiki ɗaya take yi. Ukun su ne totur, da marfin wutsiya mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da marfin da ke juya hanci dama ko hagu. Ta huɗu ita ce ta marafan bayan fukafukai, masu kwantar da jirgi gefe. Wanda zai koya shi kaɗai, mai uku zai fi yi masa sauƙi. Wanda ke da mai nuna masa, ya ɗauki mai huɗu tun farko, domin can ne za a ƙare.

Jiragen zamani da dama suna zuwa da na'urar daidaito, wadda ke jin karkatar jirgi ta hana shi wuce iyaka. Kamfanin Horizon Hobby na Amurka yana kiran tasa SAFE, har da maɓallin da za ka danna idan ka ruɗe, jirgin ya miƙe da kansa. Wasu tsofaffin hannu suna ganin wannan lalaci yake koyarwa. Ni ina ganin amfaninsa ya rinjayi aibinsa, bisa sharaɗi ɗaya: a riƙa rage taimakon mataki-mataki har a kashe shi. Wanda ya shekara na'ura tana riƙe masa jirgi bai iya tuƙi ba tukuna.

Akwai kuma haruffan da ke jikin kwali, waɗanda ke jefa masu saye cikin asara. RTF na nufin kusan komai yana ciki, har da rimot, ko da yake wasu kamfanoni ba sa haɗawa da batir da caja, sai a karanta da kyau. BNF jirgi ne ba rimot, kuma da rimot ɗin Spektrum aka tsara shi ya yi aiki. PNP ba rimot, ba na'urar karɓar saƙo, ba batir. ARF kuwa gangar jiki ce kawai, sauran kaya naka ne. Mai koyo ya tsaya a kan na farko. Rimot ɗin ya kasance mai aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda ke ƙulla alaƙa da jirginsa shi kaɗai, ba kamar na da ba da mutum biyu kan yi karo a zango ɗaya jirage su faɗo. Ka kuma duba tsarin sanduna: wanda ya fi yaɗuwa shi ne na biyu, mai totur a hannun hagu, kuma yawancin darussan bidiyo da shi ake yi.

Batir ne wurin da wasa yake ƙarewa. Irin da ake amfani da shi, mai suna LiPo, kowane ɗakinsa bolt 3.7 ne, idan ya cika ya kai 4.2. Mai ɗaki uku, wanda ake rubuta wa 3S, bolt 11.1 ke nan, kuma mai 2200mAh yakan ba jirgin koyo kimanin minti goma a sama. Don haka ka sayi biyu ko uku. Ba a zuƙe shi ƙarƙaf, ba a ajiye shi a cike na kwanaki. Wajen bolt 3.8 a kowane ɗaki ake ajiyarsa. Idan ya huje, ko aka yi masa cajin da ya wuce kima, yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kada a yi cajinsa a kan katifa, kada a sa shi a caji a kwanta barci saboda an kawo wuta da tsakar dare, kada a bar shi cikin mota a rana ta watan Afrilu. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Farfela ma ba abin rainawa ba ce, tana yanka yatsa. A kunna rimot da farko, totur a ƙasa, sannan a haɗa batir.

Kafin jirgin ya iso, ka fara tashi a kwamfuta. Akwai manhajojin kwaikwayo irin su RealFlight, da PicaSim wadda ake samu kyauta. A nan ne za ka yi maganin abin da ya fi kayar da masu koyo: idan jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta koma hagunka. Kai yana fahimtar wannan cikin minti ɗaya, amma yatsu sai sun maimaita sau ɗaruruwa. A kwamfuta faɗuwa kyauta ce. Idan kuma ka sami wanda ya iya, akwai hanyar haɗa rimot biyu, malami ya karɓe tuƙi da zarar abin ya ɓaci.

Ranar tashin farko, fita da sassafe kafin iska ta motsa. Ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, a wurin da takardarsa ta nuna, galibi kusan kashi ɗaya cikin uku daga bakin gaba. Idan wutsiya ta rinjaya, matsar da batir gaba. Jirgi mai nauyin baya ba ya tuƙuwa. Tashi kana fuskantar iska, ka sauka kana fuskantarta. Ka hau sama sosai, domin tazara ita ce lokacin gyaran kuskure. Filin ya yi nesa da gidaje da wayoyin lantarki, yara 'yan kallo kuma su tsaya a bayanka.

Saura doka. A Amurka, jirgin da ya wuce giram 250 sai an yi masa rajista, kuma ba a wuce ƙafa 400, wato kusan mita 120. A Najeriya, tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta sanar cewa ba a tada jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A halin da ake ciki, abin da ke shawagi a sama yana tada hankalin jama'a da na jami'ai. Ka nemi bayani daga hukumar tun kafin ka yi oda, ka nisanci filin jirgi da bariki da gine-ginen gwamnati, ka kuma sanar da mai unguwa da 'yan sandan yankinku. Makaranta ko ƙungiyar ɗalibai ta fi mutum ɗaya sauƙin bin wannan hanya, ga kuma raba kuɗin jirgi ɗaya tsakanin mutum goma.

Jirgin yaƙin da idonka yake so ba ya gudu, yana nan a kasuwa. Ka saye shi ranar da ka iya saukar da mai soson nan a gabanka sau goma a jere ba tare da ka nemi gam ba. Sannu ba ta hana zuwa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.