Cin kofi ba ya wanke laifin mai horarwa

Samarinmu na Matankari, Dogondutsi da Tibiri da ke raba dare suna kallon ƙwallon kwando a salula, da yawansu burinsu guda ne: wata jami'ar Amurka ta ɗauke su, kamar yadda Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya tafi Jami'ar Houston a 1980. Buri ne mai kyau. Sai dai kafin mu damƙa ɗiyanmu ga duk wanda ya rataya usur a wuya, ya kamata mu san abin da ke faruwa in mai horarwa ya fi ƙarfin a tambaye shi.

Mu ɗauki Jami'ar Kentucky. Adolph Rupp ya horar da ƙungiyarta daga 1930 zuwa 1972, ya ci wasa 876, ya ɗauki kofin jami'o'in ƙasar sau 4. A 1951 anka kama tsofaffin 'yan wasansa uku, Alex Groza, Ralph Beard da Dale Barnstable, da laifin karɓar kuɗin 'yan caca don su sassauta wasa, sakamako ya faɗo yadda masu cacar ke so. Alƙalin da ya saurari shari'ar ya caccaki jami'ar kan fifita kuɗi da nasara. Anka hana ƙungiyar buga kakar 1952 zuwa 1953 baki ɗaya. Rupp fa? Ya ci gaba da zama bisa kujerarsa kusan shekara 20, don yana kawo kofi.

Sai batun launin fata. A cikin shekara 42, baƙar fata na farko da ya buga wa Rupp a babbar ƙungiyar Kentucky shi ne Tom Payne, wanda sai a 1969 anka ɗauke shi. Masu kare shi na cewa zamanin ne haka, duk jami'o'in kudancin Amurka na wariya, kuma ya taɓa neman Wes Unseld a 1964. To, mun ji. Amma a wanga zamani guda ne Don Haskins na Texas Western ya fito da baƙaƙe biyar a wasan ƙarshe na 1966, sunka doke fararen Kentucky da 72 da 65. A 1967 Perry Wallace ya fara buga wa Vanderbilt, cikin gasar da Kentucky ke ciki. Ashe ana iyawa. Wanda ya fi kowa ƙarfin faɗa a ji, shi ya makara. A 2020 wasu malaman jami'ar sunka nemi a cire sunansa daga filin wasan, amma sunan na nan.

Kada mu ce wannan matsalar Turawa ce. Ga Mali nan kusa da mu. A watan Yuni na 2021, ƙungiyar Human Rights Watch ta fito da zargin cewa mai horar da 'yan matan ƙasar 'yan ƙasa da shekara 19, Amadou Bamba, yana cin zarafin 'yan wasa, kuma manya sun ji koke sun yi shiru. Anka kama shi, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sa anka yi bincike, daga baya ta haramta masa harkar har abada. Su ma 'yan matan Mali suna ta cin kofunan Afirka a shekarun nan, shi ya sa bakuna sunka yi nauyi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce: to, a hana yara wasan mana, musamman mata. A'a, wallahi wannan hukunta yaro ne kan laifin babba. Mu da ke tashi tsaye in Issaka Issaka ya ɗauko wa Dosso takobin kokowa, mun san darajar da wasa ke jawo wa yanki.

Abin da muke nema ga shugabannin lakwal, kwamitocin iyaye da magadan gari ba shi da tsada. Duk tafiyar wasa ta 'yan mata, a haɗa su da mace babba. Yaro ya san wanda zai kai wa ƙara ban da mai horar da shi, kuma kai ƙara kada ya jawo a cire shi daga ƙungiya. Duk wanda ya zo da alkawarin biza da makaranta a waje, a nemi sunan makarantar da takardunta, a bincika, kafin a sayar da gona ko saniya. Mu ma na gidajen rediyo, ranar da muke yabon gwani, mu riƙa tambayar yadda ake riƙon yaran da sunka ci masa kofin.

Kentucky ta ɗauki baƙar fata, Tubby Smith, ya ci mata kofi a 1998, shekara 32 bayan kayen 1966. Ɗiyanmu ba za su iya jiran shekara 32 ba. Allah shi tsare mana su, shi ba mu ƙarfin yin tambaya tun da sauran lokaci.