Tsagiya a Adar: tsutsar da ke lallashin garkuwar jiki ta yi shiru

A garuruwan da ke bakin tafkin Tabalak da ƙauyukan arewacin Adar masu madatsun ruwa, idan yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, iyaye da yawa ba sa tayar da hankali. Tsagiya ce, za ta wuce. Wasu ma har yanzu suna ɗaukarta alamar balaga ga ɗa namiji. Yaron yana cin abinci, yana wasa, yana kai awaki shan ruwa, don haka ba mai maganar asibiti. Amma binciken da masana suka kwashe shekaru suna yi kan tsutsotsi da garkuwar jikin ɗan Adam ya nuna cewa wannan shirun aikin tsutsar ne da kanta. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa bai kamata yaƙi da tsagiya a jihar Tahoua ya tsaya a ƙofar makaranta ba.

Hanyar cutar sananniya ce tun bayan da likita Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi ya hayayyafa, sannan ya koma ruwan ya huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai kamun kifi. A cikin jiki tsutsar tana zama a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, tana saka ƙwai kullum, shekara da shekaru. Ƙwan da ya maƙale a jikin mafitsara shi ke haddasa jinin da ake gani.

Tambayar da ta dami masana ita ce: yaya baƙuwar halitta take zama a cikin jini tsawon wannan lokaci ba tare da jiki ya kore ta ba? Amsar da aka samu ita ce tsutsar tana lulluɓe kanta da sinadaran jikin mai ɗauke da ita, kuma tana zuga ɓangaren garkuwar jiki da aikinsa shi ne kwantar da faɗa. Wannan ɓangare yana fitar da sinadarai, irin su wanda ake kira IL-10, masu ce wa sauran dakarun jiki su sassauta. Tawagar Farfesa Maria Yazdanbakhsh ta jami'ar Leiden da ke Holan ta wallafa a shekarar 2000 wani bincike da ta yi kan yara a Gabon. Ta gano cewa yaran da ke ɗauke da tsagiya ba su cika nuna borin fata ba idan aka gwada su da ƙwarin ƙurar ɗaki, kuma hakan yana da alaƙa da yawan wannan sinadari a jikinsu.

Daga irin wannan sakamako ne aka samu masu cewa tsutsa tana da amfani, cewa yawan tsafta ne ya jawo wa Turai asma da borin jini. Maganar tana yawo a kafofin sada zumunta, kuma ba ƙarya ce tsantsa ba. A Entebbe ta ƙasar Yuganda, binciken da Farfesa Alison Elliott ta jagoranta ya nuna cewa jariran da aka ba iyayensu maganin tsutsa lokacin goyon ciki sun fi samun ƙyasfin bori a fata. Sai dai da aka gwada ba masu ciwon kumburin hanji ƙwan tsutsa a matsayin magani a Amurka da Turai, manyan gwaje-gwajen ba su nuna ya fi maganin bogi ba. Abin da masana ke nema yanzu shi ne su ware sinadaran da tsutsar ke amfani da su, su mai da su magani. Babu mai hankalin da ke cewa a bar yaro da tsutsa a jikinsa.

Dalili kuwa shi ne farashin wannan shiru yana da tsada. Jinin da ke zuba kaɗan-kaɗan yana jawo ƙarancin jini, yaro ya rame, hankalinsa ya kasa tsayawa a aji. Shekaru suna tafiya, mafitsara tana tabo, ƙoda tana iya lalacewa, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar mafitsara. A jikin mata ƙwan yana maƙalewa a al'aura da mahaifa, ya jawo ciwo da zubar jini da matsalar haihuwa, a yi ta ba mace maganin ciwon sanyi ba tare da an taɓa tushen abin ba. Bincike a Kenya da Yuganda kuma ya nuna cewa masu ɗauke da nau'in tsutsar da ke kama hanji ba sa amsa allurar rigakafin ciwon hanta da ƙarfin da sauran mutane ke amsawa. Garkuwar da aka lallasa ta yi shiru ga tsutsa tana iya yin sanyi a wani wajen da ake buƙatarta.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cibiyar CERMES da ke Yamai an kafa ta ne tun asali don binciken sanƙarau da tsagiya. A 2004 ƙasar ta ƙaddamar da shirin rabon maganin praziquantel kyauta, inda ake auna tsayin yaro da sanda a ba shi adadin ƙwayoyin da ya dace. Dokta Amadou Garba, ɗan Nijar da ya jagoranci shirin kafin ya koma hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, ya wallafa a 2010 binciken da ya nuna cewa jarirai da yaran da ba su isa makaranta ba su ma suna ɗauke da cutar, domin a ruwan tafki ake musu wanka. Aikin Farfesa Francisca Mutapi, 'yar Zimbabuwe da ke jami'ar Edinburgh, ya nuna cewa maganin ba shi da haɗari ga ƙananan yara, kuma kashe tsutsar yana tona asirinta ga garkuwar jiki, jiki ya fi saurin koyon kare kansa. A 2022 hukumar ta duniya ta ba da shawarar a riƙa ba kowa magani daga ɗan shekara 2 zuwa sama a duk garin da cutar ta kama kashi 10 cikin 100 na mutane, kuma a 2024 ta amince da wani nau'in maganin da aka tsara musamman don ƙananan yara.

Abin da ya rage shi ne a kai wannan ilimi bakin tafki. Rabon magani a makarantu yana da sauƙi, amma yana barin ɗan goye, da yarinyar da ba a sa makaranta ba, da almajiri, da masunci, da mai lambu, da 'ya'yan makiyaya masu zuwa da tafiya. Waɗannan ne ke ci gaba da mai da ƙwai cikin ruwa, yaron da ya sha magani a aji ya sake kamuwa kafin damina ta gaba. Ba kuma za a ce wa mutanen Adar su guji ruwa ba. Madatsun da aka gina tun zamanin aikin raya karkara na Keita da ya fara a 1984 su ne suka ba ƙauyuka da dama noman rani. Abin da hukumomin jiha da magadan gari za su iya yi shi ne su haɗa rabon magani da rijiyoyin burtsatse da makewayi a kusa da tafkuna, su kuma tabbatar akwai maganin a ƙananan asibitoci duk shekara.

Matasan birnin Tahoua da 'yan ci-rani da ke Abidjan ko Libiya ko Turai su ma maganar ta shafe su. Wanda ya yi ƙuruciyarsa yana iyo a tafki zai iya ɗauke da tsutsar shekaru bayan jinin ya daina fitowa, kuma likitan ƙasar waje ba lallai ya yi tunaninta ba sai an faɗa masa inda aka taso. Gwajin fitsari ko na jini ya isa, magani kuma na yini ɗaya ne. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗi su gina masallaci ko aji za su iya sa rijiya da makewayi a jerin ayyukansu.

Ƙasar da aka tabbatar ta rabu da kurkunu a 2013, ta kuma zama ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar kogi a 2025, ta san yadda ake cin galabar tsutsa. Kurkunu yana fitowa a ƙafa kowa ya gani, ita kuwa tsagiya ɓoyewa take yi, don haka sai an je nemanta gida-gida kafin a same ta.