SHARHI: A raba maganin albasa da kan yara

Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen hunturu, abubuwa biyu ne ke haɗuwa a gidajen gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa. Yara sun koma makaranta, suna zama kai da kai a aji, da dare kuma sanyi ya sa su cunkushe ƙarƙashin bargo ɗaya. A daidai wannan lokaci ne manoman rani na kwarin Tarka, daga Karofan har Sabon Gida, da takwarorinsu na Tamaske da Ibohaman, ke dashen albasa da tumatir, suna sayen maganin feshi suna ajiyewa a cikin gida. Cunkoson yara shi ke yaɗa ƙwarƙwata. Noman rani kuma shi ke kawo kwalbar guba kusa da hannun uwar da ta gaji da ganin ɗiyarta tana sosa kai dare da rana.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a gidaje da dama, idan ƙwarƙwata ta yi wa yarinya yawa, akan ɗiga maganin ƙwari na gona ko piya-piya a cikin man kitso, a shafe mata kai, a ɗaure da kallabi ta kwana. Wasu kananzir suke sawa, wasu su daka kafur su kwaɓa da mai. Masu yin haka ba mugunta ke sa su ba, sauƙi suke nema wa ƴaƴansu. Sai dai wannan ɗabi'a ta fi ƙwarƙwatar kanta haɗari nesa ba kusa ba, kuma lokaci ya yi da hukumomin lafiya da na noma da na ilimi a waɗannan gundumomi uku za su ɗauke ta a matsayin matsalar da ta shafe su duka.

Ƙwarƙwatar kai ƙwaro ce da girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi daga gashi zuwa gashi idan kawuna suka haɗu. Takan bi mataji, kallabi, hula ko matashin kai, amma wannan bai kai haɗuwar kawuna ba. Jinin mutum take sha, kuma idan ta faɗo daga kai ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu sai ta mutu. A kan mutum kuwa tana iya kai wa kwana 30, macen tana saka ƙwai kusan shida a kullum tana manna su a gindin gashi, musamman bayan kunne da ƙeya. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Ba daga akuya ko kaji take zuwa ba, kuma ba ta zaɓar mai datti ta bar mai tsafta. Ɗiyar ma'aikaci da ta manomi duk ɗaya suke a wurinta.

Abu mafi muhimmanci shi ne likitoci ba su lissafa ƙwarƙwatar kai cikin ƙwarin da ke ɗauko cuta daga wani zuwa wani ba. Wadda ke yin haka ita ce ƙwarƙwatar tufafi, mai ɓuya a ɗinkin riga, kuma wannan wata matsala ce daban. Illar ta kai ita ce ƙaiƙayi, da hana yaro barci, da gyambon da susa ke haifarwa, wanda kan yi ruwa har kaluluwa ta fito a wuya idan ba a kula ba. Abin damuwa ne, amma ba abin da ke kai yaro kabari ba.

Maganin gona kuwa yana kaiwa. Sinadarin DDVP, wanda ke cikin Sniper da galibin abin da ake sayarwa da sunan piya-piya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin magungunan ƙwari masu haɗari ƙwarai. Ba sai an sha shi ba, yana ratsa fata ya shiga jini, kuma tururinsa yana shiga ta numfashi. Fatar kan yaro tana da jijiyoyin jini da yawa, susa ta riga ta buɗe ƙofofi a cikinta, jikin yaron kuma ƙarami ne, ɗan abin da babba zai jure shi zai kayar da shi. Ɗaure kai da kallabi ko leda a kwana da shi yana ƙara wa gubar lokacin shiga, ga kuma sauran yaran da ke kwance ɗaki ɗaya suna shaƙa. Kananzir da fetur suna ƙona fata, kuma yarinyar da kanta ya jiƙe da su ta matso kusa da murhu a lokacin sanyi, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Kafur ma ba abin wasa ba ne, domin yana fasa ƙwayoyin jinin wasu yara da suka gaji wani rauni a jininsu, iyaye kuma ba su da hanyar sanin wane yaro ne ke da shi. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Maƙwabciyar ƙasa Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarar 2019 jaridun ƙasar sun ruwaito rasuwar wata matashiya mai yi wa ƙasa hidima a jihar Osun, bayan ta shafa Sniper a gashinta domin kashe ƙwarƙwata. Baliga ce, mai ilimin jami'a. A shekarar ce kuma hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasar, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani da makamantansa a kasuwanni da shaguna, saboda yawan mace-macen da ake dangantawa da shi. Gundumar Madawa tana iyaka da Najeriya, kuma da yawa daga magungunan feshin da ake shimfiɗawa a kasuwannin yankin ta wannan iyaka suke shigowa. Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta sha wallafa jerin magungunan ƙwarin da ake samu a kasuwannin Nijar, tana nuna cewa da yawansu ba su da izinin kwamitin Sahel mai tantance irin waɗannan magunguna a ƙarƙashin ƙungiyar CILSS. Gargaɗin da ke jikin kwalbar galibi da Turancin Ingilishi yake. Wani ma an juye shi a kwalbar da ba ta da rubutu ko ɗaya.

Tsawata wa iyaye mata kawai ba zai kai ko'ina ba, sai an duba abin da ke tura su. Na farko kunya ce. Ana kallon ƙwarƙwata a matsayin shaidar ƙazantar gida, don haka uwa ta gwammace ta yi maganin abin a ɓoye cikin dare ɗaya da ta je gidan likita ta faɗa da bakinta. Na biyu, maganin da aka yi domin kan mutum ba ya kai wa ƙauye, na gona kuwa yana kan kowane tebur ranar kasuwa. Na uku, a yankin Adar da maza da yawa ke tafiya ci-rani, mace ɗaya ce ke ɗauke da ɗiban ruwa, daka, girki da renon yara, ba ta da sa'o'in zama tana tsince kai. Duk shawarar da ba ta yi la'akari da waɗannan abubuwa uku ba, a rediyo za ta tsaya.

Hanyar da ba ta da haɗari kuwa sananniya ce, kuma ba ta bukatar ruwa mai yawa, abin da ke da muhimmanci a ƙauyukan tudun Buza da Keita inda ruwa ke wuya. A tsefe kitso gaba ɗaya. A jiƙa gashin, a shafa masa mai wadatacce, ko man gyaɗa ne ko man kitso, domin ya yi santsi ya kuma rage wa ƙwarƙwata gudu. A fara warware shi da babban mataji, sannan a raba shi ƙanana-ƙanana, a bi kowane kashi da mataji mai ƙananan haƙora tun daga fatar kai har bakin gashi, ana goge matajin a farin ƙyalle bayan kowane ja. A yi wannan da rana, a wuri mai haske. Man shi kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe ta, tazar ce ke aikin.

Inda akasari ake faɗuwa shi ne a yi sau ɗaya a bari. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar a taje a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, sannan a sake dubawa a rana ta 17. Dalilin a fili yake. Tazar farko tana kwashe manya, amma ƙwai suna nan manne, kuma ƙaramar da ta ƙyanƙyashe tana bukatar mako ɗaya ko fiye kafin ta soma saka nata ƙwan. Idan ana tazar bayan kowane kwana huɗu, za a kama ta kafin ta hayayyafa. A cikin waɗannan makonni biyu, a yi wa yarinya kalaba ko manyan kitso masu sauƙin tsifa, a bar ƙananan kitso sai an gama. A duba kan kowa a gidan rana ɗaya, har uwa da kaka, duk wanda aka ga mai rai a kansa a haɗa da shi. Kallabi, hijabi, hula da rigar matashin da aka yi amfani da su a kwana biyun da suka wuce, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Mataji da kibiya a tsoma su a ruwan zafi na minti goma. Ba a bukatar feshin ɗaki. Yaro namiji kuwa wanzami ya gama masa magana. Amma aske wa yarinya kai ƙwal ba dole ba ne, kuma sau da yawa tsokanar da za ta sha a makaranta ta fi mata ƙaiƙayin ciwo.

Akwai magungunan da aka haɗa musamman domin kan mutum, irin su mai sinadarin permetirin kashi 1 cikin 100, wanda ake shafawa a wanke, a kuma maimaita bayan kwana 7 zuwa 10. A kantin magani mai izini ake neman su, tare da bayanin ma'aikacin lafiya, musamman idan yaron bai kai shekara biyu ba ko kansa ya yi gyambo. Kada sunan ya ruɗi kowa. Akwai maganin gona da na ƙwarin gida masu ɗauke da sinadari mai irin wannan suna, amma ƙarfinsu da abin da aka haɗa su da shi ba na jikin ɗan Adam ba ne.

Idan kuma an riga an shafa wa yaro maganin gona, kada a jira gari ya waye. Dalalar miyau, gumi mai yawa, amai, zawo, ƙanƙancewar baƙin ido, sarƙewar numfashi, rawar jiki ko jijjiga, duk alamun guba ne. A tuɓe masa tufafi, a wanke kan da jikin da sabulu da ruwa mai yawa ba tare da ruwan ya shiga ido ko baki ba, a garzaya da shi cibiyar lafiya mafi kusa tare da kwalbar. Kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a tilasta masa amai. Irin wannan guba tana da makari, allurar atirofin, amma tana aiki ne idan an isa da wuri kuma an faɗa wa likita gaskiyar abin da aka shafa. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin gwamnati. Duk da tangarɗar da tsarin ke fama da ita, tsoron kuɗi bai kamata ya tsayar da uwa a gida ba.

Sauran aikin yana wuyan hukumomi. Shugabannin kiwon lafiya na gundumomin Madawa, Buza da Keita su tabbatar akwai makarin guba a kowace cibiyar da ke yankin noman rani, su kuma riƙa rubuta duk yaron da aka kawo da gubar maganin ƙwari da yadda ya same ta, domin a san girman matsalar. Ma'aikatan lafiya su karɓi uwar da ta zo da irin wannan yaro ba tare da faɗa ko gori ba, don wadda aka ci wa fuska yau ita ce za ta ɓoye gaskiya gobe. Jami'an kare tsirrai, waɗanda ke koya wa manoma yadda ake feshi, su ƙara da cewa kwalbar magani ba ta kwana a ɗakin da yara ke kwana, su kuma sa ido kan masu juye shi a kwalaben da ba su da suna. Malaman makarantun boko da na allo su daina korar yarinya ko kiran sunanta a gaban aji saboda ƙwarƙwata. Su kira uwarta gefe su yi mata bayani. Kwamitocin iyayen yara suna iya sayen mataji masu ƙananan haƙora su ajiye a makaranta, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su alhali su ne suka fi kowa kusa da matsalar, wato makitsa. Makitsiya ita ce ke fara ganin ƙwai a gindin gashi, ita ake tambaya me za a sa, kuma abin da ta faɗa shi ake yi. Idan ma'aikatan lafiya na unguwanni suka zauna da makitsan kowane gari suka koya musu tazar kwana huɗu-huɗu da haɗarin piya-piya, saƙon zai shiga gidajen da jami'i namiji ba ya shiga. Gidajen rediyon karkara, sarakuna da limamai su tallafa da nasu bakin, da Hausa da Tamajak, tun daga farkon kakar albasa.

Albasar wannan yanki abin alfahari ce ga Nijar, kuma ba wanda ke cewa manomi ya bar ƙwari su cinye masa gona. Abin da ake nema shi ne maganin feshi ya tsaya a gona da rumbun ajiyarsa, kan yaro kuma a bar shi da mataji, mai da haƙurin makonni biyu.