Mu bar maƙwabcina ya yi addu'arsa

A unguwarmu ta Gurda, nan Sabha, ina da maƙwabci Kirista, magini, ɗan kudancin Kaduna. Ta Agadez ya shigo a bayan Hilux. Wata uku aka kulle shi a wani gida har danginsa suka aiko kuɗi, irin abin da hukumar IOM ta fallasa a Afrilun 2017.

Tunda Lahadi ranar aiki ce a Libiya, duk Juma'a yakan taru da 'yan'uwansa a ɗaki, su yi addu'a ƙasa-ƙasa. Na tambaye shi me yake samu. Ya ce, "Malam, daren nan kaɗai nake barci ba firgita."

Wasunmu sun ce a kai ƙararsu wurin mai gida. Gaskiya ban yarda ba. Ban karɓi aƙidarsa ba, shi ma ya sani. Amma ina koya wa ɗalibaina cewa Najashi, sarki Kirista, ya ba sahabbai mafaka a Habasha a shekarar 615, kuma bai hana su salla ba. Yawancinmu ma baƙi ne, a shinge ɗaya ake tsare mu da shi. In aka kore su yau, gobe fa? Don Allah mu ƙyale su.