Akwai Mai Sauka a Kura

Jama'ar Kano, na birni da na karkara, ku kasa kunne. Magana ce a kan wurin da kowa ya san sunansa, amma ƙalilan ne suka taɓa taka ƙasarsa.

Kullum garin Allah ya waye, motoci ba iyaka ke fita daga Kano su kama hanyar Zariya. A haye gadar Tamburawa, a wuce Karfi, direba ya ƙara wuta. Ga shi watan Janairu, ko'ina ya bushe ƙayau, hazo ya rufe gari, amma fasinja ya leƙa taga ya ga kore shar dama da hagu, alkama, tumatir, albasa, masara, ruwa na gudu a tsakaninsu. Ya ce "Tubarkalla," ya mai da kai kan wayarsa. In ma an tsaya, tsayuwar minti biyar ce, a taya kwandon tumatir da rabin kuɗinsa, a jefa a but, a wuce. Ranar Sallah kuwa wannan fasinjan ne zai kwashi yara ya kai su gidan zu su sha layi da ƙura, in mai hali ne ya nemi biza ya tafi Dubai ko Masar yawon buɗe ido. Alhali kilomita wajen 30 daga ƙofar gidansa akwai ɗaya daga cikin manyan ayyukan noman rani na Nijeriya.

Kirana ga mutanen birni shi ne mu fara sauka. Kirana ga mutanen Kura, Bunkure da Garun Malam kuwa, su shirya tarbar mai sauka, bisa sharaɗin da suka gindaya da kuɗin da suka yanka da bakinsu.

Yaranmu da yawa sun ɗauka haka aka halicci wurin da ruwansa. Aikin hannu ne. Gwamna Audu Bako ne ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga, aka gama a 1974, daidai lokacin da fari ya gasa ƙasashen Sahel har dabbobi suka ƙare a hannun masu su. An gina madatsar don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can ruwan ke gangarowa da ƙafarsa, ba inji ba famfo, ya bi babbar hanyar ruwa, ya rarrabu zuwa ƙanana, ƙananan su sake rarrabuwa, har ya iso bakin fangalin mutum. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi. Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar ruwa ya ga an murɗa ta, ruwa ya kama hanyar gonar da ke can nesa, ya ga ilmin da allo ba ya iya nunawa.

Audu Bako bai manta da baƙi ba. Shi ya gina otal a bakin tafkin Bagauda, ya ɗora Rock Castle a kan dutse a Tiga, ya buɗe gidan zu a cikin birni. To ina suke yau? Otal ɗin Bagauda ya koma Makarantar Horon Lauyoyi. Rock Castle ya yi shekaru yana jiran mai tuna shi. Hanyar ruwan kuwa, da duk yashewarta da ciyawarta, shekara hamsin ke nan tana aiki. A ganina dalilin a fili yake. Ruwan na manomi ne, in ya tsaya tukunyar gidansa ce ta tsaya, don haka ba zai yi shiru ba. Otal kuwa na gwamnati ne, baƙonsa daga nesa, abincinsa daga birni, ɗan ƙauyen da ke gefe iyakarsa gadi ko shara. Ranar da gwamnati ta juya baya, ba wanda ya yi kuka. Saboda haka kada kowa ya zo mana da zancen a jira gwamna ya gina sabon otal kafin a fara. An gwada wannan hanyar.

Kuma tun kafin a haƙa hanyar ruwa ko ɗaya, Kura ta saba da baƙi. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba, ga Kura da Bunkure a tsakaninsu. Wa bai san rawani ɗan Kura ba? Wa bai ji sunan turkuɗi ba? A saƙa ƙyalle siriri, a ɗinke shi ɗaya bayan ɗaya, a tsoma a marina a fitar, a sake tsomawa har ya yi baƙi wuluk, sannan a kai mabuga a yi ta bugu da shuni sai ya ɗauki ƙyalli yana ɗaukar ido. Buzayen Abzin sun daɗe suna ɗaukar wannan kaya da daraja, suna naɗa shi ranar biki da ranar taro, har a taron makiyaya na Ingal da ake yi wajen watan Satumba. Da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar nan na kaiwa Gat da Tarabulus da Tambutu. Amma yau in baƙo ya zo Kano ya ce a nuna masa rini, Ƙofar Mata za a kai shi ya ɗauki hoto, a mai da shi masauki. Ba mai ce masa ga garin da Sahara ta san sunansa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Karofi da yawa sun zama kufai, masu sana'ar suna tsufa, 'ya'yansu sun hau babur. Ba na zargin yaran, ciki ba ya jiran tarihi. Amma da a ce duk mako akwai motar baƙi da za ta tsaya, a biya kuɗin kallo, a sayi ko da ƙaramin mayafi, da wani yaron ya zauna kusa da kakansa ya koyi haɗa baba da toka.

Mu zo kan kuɗi, tunda shi ne magana. Duk manomin tumatir ya san ciwon watan Fabrairu da Maris. Kaya ya nuna gaba ɗaya, Kwanar Gafan ta cika maƙil, 'yan gwari su taya yadda suka ga dama, wani lokacin kuɗin kwando da na ɗauko shi sun fi abin da ke cikinsa. Mai rabo ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, marar rabo ya bar wa ƙasa. Da aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, an ce wahala ta ƙare. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, tun daga nan kuma kamfanin ya sha buɗewa da rufewa. Ba na cewa baƙi za su maye gurbin kasuwa. Abin da nake cewa, nairar da baƙo ya miƙa a bakin gona ba ta bi ta hannun dillali ba. Mai gona ya samu, mai babur da ya shiga da shi ya samu, mai dafa masara da mai suyar kifi sun samu, matan da ke turara shinkafa shanshera a cikin gidajen Kura sun sayar da kwano goma a farashin da ya fi na sari. Saurayin da ya gama sakandare yana zaune, ya san kowace ƙofar ruwa da sunan kowane iri, ga aikin jagora ya same shi a gida.

Wasu sun riga mu. Tun 1985 Italiya ta yi doka ta musamman don manomi ya riƙa saukar da baƙi a gonarsa yana ciyar da su daga abin da ya noma. A tsibirin Bali na Indunusiya, gonakin shinkafa da tsarin rabon ruwansu ne UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2012, mutane na biyan kuɗin jirgi su je kallon abin da muke wucewa a guje. Mu bar nesa ma, Argungu da kamun kifi ta yi suna.

Amma ni ba Turawa nake jira ba, kuma ina roƙon kada a jira su. Baƙonmu na farko ɗan makaranta ne. Malamai shugabannin makarantu, ku da kuke karɓar kuɗin fita yawo a hannun iyaye, ina kuke kai yaran? Akwai yaro a Nasarawa da Hotoro da ke cin shinkafa sau biyu a rana, bai taɓa ganin zangarniyarta ba. Ku cika mota ku kawo su. Su ga yadda ake dashe, su riƙe lauje, su shiga wurin masu injin casa su ga yadda ɓuntu ke rabuwa da ƙwaya, su leƙa tashar binciken noma ta Kadawa da ke ƙarƙashin cibiyar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello. Malaman Islamiyya, ku ma da ku nake. Yaron da kuka karantar da ayoyin ruwa da tsiro da rayar da ƙasa bayan mutuwarta, ku kawo shi a tsakiyar rani ya gani da idonsa.

Na san abin da ke ran wasu dattawa. Da sun ji an ce yawon buɗe ido, sai su hango kiɗa da cakuɗa da tsiraici a bakin ruwa. Tsoron nan ba na banza ba ne, kuma wanda ya raina shi zai sha ƙasa. Mun ga yadda shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji ya watse a 2016 da malamai da jama'a suka ƙi shi. Maganin abin shi ne masu gari su riƙe linzami tun farko. Dagaci da mai unguwa da liman da shugabannin manoma su zauna su ce ga inda baƙo zai shiga, ga inda ba zai shiga ba. Ba a ɗaukar hoton matan aure ba da izni ba. Ba a taka fangali, ba a tsinke abin da ba a saya ba. Ku kuma 'yan birni, ku bar girman kai a mota. Ku yi sallama, ku ce "Sannu da aiki, Baba," ku jira a amsa. Mutumin da ke tsaye cikin taɓo tun asuba shi ke ciyar da ku, bai fito don a yi kallonsa ba.

Sai maganar da ba ta da daɗi. Wurin nan ba a shirye yake da baƙi ba, mu ne kuma muka ɓata shi. Leda ta cika hanyoyin ruwa. Kwalbar maganin feshi, an gama da ita sai a wurga cikin ruwan da wani zai yi alwala a gaba, wata ta wanke kwano, shanun Fulani su sha. Ciyawar kachalla na toshe magudanai. Tsargiya na kama yaran da ke wanka a ciki, wasu ma ruwan ke tafiya da su. Duk mai shirin sa yara a kwalekwale a Tiga ko Bagauda ba rigar ruwa, ya tuna Bagwai a watan Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife, mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. An kashe kuɗi masu yawa na bashin Bankin Duniya a shirin TRIMING ana gyaran hanyoyin ruwan nan, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Su ya kamata su zama masu masaukin baƙi, wani kaso na kuɗin shiga ya tafi kan yashe magudanai da kwashe shara. A kuma riƙa gaya wa baƙo gaskiya duka: akwai ƙauyukan da aka tasa kafin ruwan Tiga ya kwanta, kuma ruwan da aka tare a nan ya rage ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa a kanta. Abin da muka zubar a Kura, wani ne zai sha a Wudil.

Marubuta, na ajiye ku a ƙarshe don ku ne kuka fi ba ni haushi. Hausa ta daɗe da rubutun tafiya. Dorugu, yaron da ya bi Barth har Ingila, ya bar mana labarin abin da ya gani. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya yi Motsi Ya Fi Zama. Dukkansu waje suka fita suka kawo mana rahoto. Yanzu saura mai shiga ciki. Littattafan da ake karantawa a wayoyi sun cika da gidajen Abuja da otal-otal na Dubai da marubucin bai taɓa kwana a ciki ba, ga labari kwance a Gafan da Kosawa da Gundutse ba mai ɗauka: rigimar rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, ɗan ci-rani da ya zo daga Damagaram yankan shinkafa, manomin da ya ci bashi ya shuka tumatir tsutsa ta riga shi. Masu fim, ku ma kun ji. Kuma akwai aikin gaggawa. Mutanen da suka ga ranar da ruwa ya fara shigowa gonakinsu suna samari, yau sun haura saba'in. Ɗaliban Hausa da na tarihi a Jami'ar Bayero, ku ɗauki waya ku je ku zauna a gabansu ku naɗi muryarsu, haka ma tsofaffin marina da mabuga. Duk damina ana rasa wasu.

Shugabannin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, da hakimai, da shugabannin ƙungiyoyin ruwa, ku zauna tun kafin a fara dashen rani. Ku tsai da Asabar ɗaya a watan Fabrairu, lokacin da alkama ta yi kai, tumatir ya nuna. Ku sanar a gidajen rediyon Kano. Ku ware wurin ajiye motoci, wurin salla, banɗaki mai tsafta na maza da na mata, da ruwan sha. Ku zaɓi samari da 'yan mata ashirin ku koya musu abin da za su faɗa wa baƙo. Wannan bai kai kuɗin taron siyasa guda ba. Mu kuma na birni, kowace unguwa ta haɗa kuɗin mota ɗaya, kowa ya zo da buhunsa da kuɗinsa a hannu, in manomi ya faɗi farashi a biya ba ciniki.