Wuta Ba Ta Tambayar Takardar Asali



A watan Nuwamba na 2021 wani tankin kananzir ya yi bindiga a kasuwar Kubwa Village, aƙalla mutum biyar suka rasu nan take, cikinsu har da yara ƙanana, aka kwashi wasu da ƙuna zuwa asibiti. Allah Ya ji ƙan su. An yi jaje, an yi kuka, kowa ya koma harkarsa. Yau duk wanda ya taka daga Byazhin zuwa Gbazango, ko daga Dutse Alhaji zuwa Dei-Dei, ya buɗe ido ya ƙirga tankunan kananzir da na man dizal da shagunan ɗura gas ɗin girki da ke jingine da gidajen mutane, zai san cewa waɗancan bayin Allah sun mutu ne ba tare da an koyi komai ba. Wani tankin ma tsakaninsa da mai suyar ƙosai bai fi taku goma ba.

Idan muka yi magana sai a ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya girke tanki kusa da murhu ba ƙaddara ya jira ba, gayyatarta ya yi. Kananzir mai kyau ba ya kama wuta da sauƙi, sai an gurɓata shi da fetur don ƙarin riba yake zama bam. Shi kuwa tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, rarrafe yake yi a ƙasa yana bin kwata da lambatu har sai ya tarar da garwashi ko tartsatsin janareto. Wannan ilimi ne da duk mai ba da lasisi ya sani. Mu da muke kwana kusa da abin ne ba a gaya mana ba.

To amma tankin kasuwa jela ce kawai, kan macijin yana can bakin teku. Mafi yawan man da aka sha a ƙasar nan shekara da shekaru daga waje aka shigo da shi, aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas, aka zuba a manyan tankunan 'yan kasuwa da ke Apapa da Ibafon da Kirikiri, daga baya kuma Ijegun-Egba. 'Yan uwanmu direbobi da yaran mota da ke zuwa lodi sun san yadda Apapa ta koma: unguwar da a da manyan ma'aikata ke rububin zama a cikinta ta zama garejin tankoki, mota ta yi mako a layi, hanya ta lalace, masu shago suka rufe, masu hali suka tashi. Mutanen Ijegun-Egba sun sha fitowa zanga-zanga suna cewa an kewaye gidajensu da makarantun 'ya'yansu da tankuna, ga hanyar fita ƙwaya ɗaya. Ba tsoron banza suke ji ba. A watan Mayu na 2008 katafilar masu gyaran hanya ta fasa bututun mai a Ijegun, wuta ta bi gidaje da makarantu. A watan Maris na 2020 fashewar Abule-Ado ta kashe sama da mutum 20, ta rushe makarantar 'yan mata ta kwana. A ƙasar Gini kuwa, cikin Disamba na 2023, babban daffon mai da ke Kaloum, tsakiyar birnin Konakiri kusa da tashar jiragen ruwa, ya kama da wuta cikin dare, sama da mutum 20 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata, ƙasar gaba ɗaya ta shiga ƙarancin mai.

Wani zai ce ina ruwan Kubwa da teku? Ruwanmu shi ne, tsarin da aka yi tun asali ba haka yake ba. Gwamnati ta shimfiɗa bututun mai sama da kilomita 5,000, ta gina daffo sama da 20, har da na Suleja da ke maƙwabtaka da mu, domin mai ya riƙa tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, tanka ta ɗauka daga daffo zuwa gidan mai kurum. An buɗe matatar Kaduna a 1980 don Arewa ta sha daga kusa. Da aka bar matatu suka durƙushe, ɓarayi suka huda bututu, gyara ya gagara, sai aka ɗora wa tanka aikin bututu. Mai ya riƙa tasowa daga Legas a kan taya, tafiyar sama da kilomita 700, ta Jebba da Mokwa da Bida da Lambata, ko ta Lokoja. A taƙaice, ma'ajiyar man ƙasar nan ta tashi daga cikin shinge ta dawo bakin titi. Duk tankar da ka gani ta yi fakin a Maje ko Tafa ko Zuba, da lita 33,000 ko 45,000 a cikinta, daffo ce ƙarama wadda ba ta da katanga, ba ta da famfon kashe gobara, ba ta da mai gadi sai yaron mota da ke dafa shayi a ƙarƙashinta.

Sakamakon kuwa mun gan shi. A watan Satumba na 2024 a kan hanyar Agaie a jihar Neja, tanka ta yi karo da motar da ta ɗauko mutane da shanu, aƙalla mutum 48 suka ƙone. A watan Oktoba na wannan shekarar a Majiya ta jihar Jigawa, sama da mutum 150. Ranar 18 ga Janairu, 2025, a mahaɗar Dikko, nan bayan Suleja, tanka mai lita 60,000 ta faɗi, ana ƙoƙarin juye man a wata da janareto, jama'a sun taru da bokiti da jarka, wuta ta tashi, mutum kusan ɗari suka riga mu gidan gaskiya, da yawa aka binne su a kabari ɗaya don ba a iya gane su. Sai bayan haka hukumar NMDPRA ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris, 2025. Ashe ana iya hanawa. Me aka jira?

Mun ji masu cewa laifin masu kwasar ganima ne. Gaskiya ne kwasar man da ya zube haramun ne kuma wauta ce, muna kuma roƙon limamanmu da iyaye su yi ta faɗa har kunne ya gaji. Amma mai wannan magana ya tuna cewa kafin 29 ga Mayu, 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ya kuma tuna cewa ba duk wanda ya ƙone ne ya je da jarka ba, akwai mai shago, akwai mai wucewa, akwai wanda ya je ceto. Yaran da suka mutu a kasuwar Kubwa ganimar wa suka kwasa? Ɗora wa mamaci laifi abu ne mai sauƙi, tunda ba zai tashi ya kare kansa ba.

Akwai kuma cutar da ba ta da hayaniya. Mafi yawanmu ruwan rijiya da burtsatse muke sha, ko wanda 'yan garuwa suka turo mana. Tankin da aka binne a ƙasa idan ya yi tsatsa ya fara yoyo, ba wanda zai gani, sai dai wata rana uwargida ta ce ruwan nan yana warin mai. A cikin fetur akwai sinadarin benzin da likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu wata unguwa a Ogale, kusa da bututun mai, inda benzin ɗin da ke rijiyoyinsu ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, kuma shi suke sha suna dafa abinci.

Yanzu mu zo kan maganar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Da zarar mai unguwa ko wakilinmu ya ɗaga murya, sai a sami wanda zai ce, ku baƙi ne, ku yi shiru ku ci arzikinku. Muna girmama 'yan uwanmu Gbagyi da muka tarar a wannan ƙasa, kuma su ma ba a tambayarsu kafin a girke tanki. Amma mutumin da ya shekara 30 a Kubwa, ya haifi 'ya'ya ya aurar a nan, yana biyan haraji, yana jefa ƙuri'a a ƙaramar hukumar Bwari, wane irin baƙo ne? Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya ga dama, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa, na 33 ya ba shi haƙƙin rayuwa. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a ƙarar da mutanen Iwherekan na jihar Delta suka shigar kan ƙona iskar gas, ta yanke cewa haƙƙin rayuwa ya haɗa da zama a muhalli marar guba. Ranar da wuta ta tashi a kasuwa ba ta tsaya duba takardar asalin kowa ba, ta ci Bahaushe, ta ci Bagware, ta ci Ibo.

Dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike da sauraron jama'a kafin a gina daffon da zai ɗauki ganga 60,000 ko fiye, idan yana cikin kilomita 3 da gidaje ko kasuwa. Doka ce mai kyau, sai dai babban kifi kawai take kamawa. Tanki ashirin ƙanana a layi ɗaya, kowanne da mai shi, sun zille mata, alhali wutarsu idan ta haɗu ba ta san ƙanƙanta ba. Mu da muka ga rusau na 2003 zuwa 2007 da idonmu, muka ga yadda ake shafa jan fenti a gidan talaka yau, gobe katafila ta iso, mun san gwamnati ba ta rasa ƙarfi ba idan ta so. Ina jan fentin yake idan aka zo kan tanki?

Ba mu ce a hana kowa neman abinci ba, masu sayar da kananzir da gas 'yan uwanmu ne, wasu ma mambobinmu ne. Muna kira da babbar murya ga hukumar birnin tarayya da ƙaramar hukumar Bwari su ware musu fili nesa da gidaje da masu suya, a kuma fitar da tankoki daga bakin titin Zuba zuwa gareji mai katanga da kayan kashe gobara. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa ba da lasisin ajiya da sayarwa, ta liƙa sunayen masu lasisi inda kowa zai karanta. A auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da gidajen mai, a kuma gaya mana sakamakon da harshen da muke ji.

Kafin nan, kowane wakilin layi ya zaga ya rubuto mana tankuna da shagunan gas da ke yankinsa, da taku nawa ne tsakaninsu da gida ko makaranta ko masallaci ko coci mafi kusa. Ba faɗa za a yi da kowa ba, a yi sallama a tambaya cikin mutunci. Da wannan lissafi za mu rubuta wa hukumomi a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa. Wanda rubutu ke ba shi wahala ya zo ofis ya faɗa da baki, za a rubuta masa.

Wassalam.
Sakatare