Yaƙin Zazzau a Fim: Abin Ɗauka da Abin Bari daga Rasha

Tun daga wajen 2008 Rasha ta duƙufa wajen mayar da tarihin yaƙe-yaƙenta fim, na tudu da na teku, kuma gwamnati na zuba kuɗi a harkar. A shekarar ne aka fitar da Admiral, labarin Aleksandr Kolchak, kwamandan jiragen ruwan yaƙin Rasha a Baƙin Teku, wanda ya yaƙi 'yan gurguzu har suka harbe shi a Irkutsk a 1920. Shekara saba'in ana koya wa yaran Tarayyar Sobiyet cewa maƙiyin ƙasa ne, sai ga fim ɗaya ya mayar da shi gwarzo a idon jikokinsu. Wannan ƙarfi na fim shi ya sa nake son mu Zazzagawa mu yi wa kanmu faɗa.

Mu ma an yi mana fim. A Nuwamban 2021 Netflix ta saki Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin Sarauniya Amina ta Zazzau, Ali Nuhu na cikin 'yan wasa. An kashe kuɗi, an tara dawakai, har fim ɗin ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMVCA a 2022. Amma da Turanci aka yi shi, kuma duk wanda ya taso tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, ya saba ganin hawan Sallah, zai kalli tufafin da zaman fadar ya ce wannan ba gidanmu ba ne. Rashawa sun ɗanɗani irin wannan a 2018, lokacin da Turawan Yamma suka yi fim ɗin Kursk da Turanci, kan jirgin ƙarƙashin tekun da ya nutse a Agustan 2000 da mutum 118. Ban ga laifin Ojukwu ba. Ya ga labari a yashe ya ɗauka, alhali mu masu abin muna zaune muna kallon ganuwa tana zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta ana yin tubali.

To idan mun tashi yin namu, akwai ramin da Rasha ta faɗa wanda ba na so mu bi ta ciki. A 2016 an fitar da fim kan sojojin Janar Panfilov su 28, waɗanda aka ce sun tare tankokin Jamus a kusa da Mosko a Nuwamban 1941 har duk suka mutu. Jama'a sun yi karo-karon kuɗin fim ɗin, ma'aikatar al'adu ta ƙara nata. Amma tun 2015 shugaban gidan ajiyar takardun ƙasar, Sergei Mironenko, ya fito da rahoton binciken soja na 1948 da ya nuna 'yan jaridar rundunar ne suka tsara labarin, kuma wasu daga cikin "mamatan" an same su da rai. Ministan al'adu Vladimir Medinsky ya tsaya kai da fata cewa labarin ya fi ƙarfin a taɓa shi. Mironenko ya bar kujerarsa a 2016. An yi gumurzu na gaske a wannan fage, sojoji masu ɗimbin yawa sun mutu, amma sunayen yawancinsu sun ɓace a bayan mutum 28.

Labarin Amina kansa yana buƙatar wannan taka-tsantsan. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuwa sun kai ta ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Sauran, irin zancen mazan da ake cewa tana kashewa da asuba, hikaya ce ta baka. Mai fim yana da damar amfani da hikaya, amma ya gaya wa mai kallo tun farko cewa hikaya ce.

Ni da za a tambaye ni, ba da Amina zan fara ba. Zan fara da ranar da Malam Musa ya iso Zazzau da tutar jihadin Shehu, Sarki Muhammadu Makau yana filin Idi a wajen gari, bai sami komawa fada ba sai ya yi kudu da mutanensa har Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Jikokin waɗanda suka fita suna nan, jikokin waɗanda suka shigo suna nan, duk Zazzau suke kira gida. Fim ɗin da zai nuna ɓangarorin biyu a matsayin mutane masu imani da tsoro da iyali, ba tare da an mayar da ɗaya dodo ba, shi ne wanda nake marmarin gani. Ga kuma Sarki Kwasau da Turawa suka tuɓe, ga Aliyu Ɗan Sidi, sarki mawaƙi, da aka kai Lakwaja.

Kayan aikin suna kusa. Sashen tarihi da na wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suna Samaru, Gidan Arewa yana Kaduna da takardunsa, a fada akwai dattawan da suka san jerin sarauta da kirarin kowane gida, Kannywood kuma tana da ma'aikata. Mun taɓa yi: a 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim da Hausa tsantsa, har aka gyara shi aka nuna a Balin a 2018. Ina roƙon Masarautar Zazzau da attajiranmu su ɗauki nauyin rubuta labari ɗaya tak, a zaunar da marubucin tare da malaman tarihi da dattawan fada kafin a ɗaura wa doki sirdi.